LAFIYA UWAR JIKI: "Anti, Wai Gaskiya Ne Gasa Babana Za Su Yi?"

  Ya karatu, ya taya su Mama aiki? Masu shirin jarrabawa Allah ya ba da sa'a, amaren da aka kai ɗakunansu a watan jiya kuwa Allah ya ba da zaman lafiya.

A fitowar da ta wuce na yi muku alkawarin za mu ƙarasa maganar ƙurajen fuska da man bilicin. To ku yi mini afuwa, alkawari kaya ne, kuma ban manta ba. Wata wasiƙa ce ta shigo hannuna, a takardar da aka yago daga tsakiyar littafin makaranta, na karanta ta sau uku kafin na iya ajiyewa. Na sakaya sunan yarinyar da garinsu kamar yadda ta roƙa. Ga abin da ta ce:

"Anti, bayan gaisuwa mai yawa. Ni ɗaliba ce 'yar aji 5 a sakandare. Babana direban babbar mota ne, ya fi shekara 30 yana shan sigari. Tun bara yake tari, aka ce tibi ne, ya sha magani wata 6 cur bai ji sauƙi ba, sai ma rama, har ya fara tofar da jini. Da aka tura mu babban asibiti aka yi hoto aka ɗebi tsoka, sai suka ce ciwon daji ne na huhu, wai ya kai mataki na 3, ba za a iya yi masa aiki ba. Likita ya ce za a yi masa gashi sati 6 tare da kemo, in an gama kuma akwai wata allura ta garkuwar jiki da ake yi har shekara guda, amma da tsada sosai. Anti gidanmu ya rabu biyu. Goggo ta ce duk wanda aka sa a injin gashi ƙona shi ake yi, ba ya tashi. Mama kuma ta ce za ta sayar da kayan ɗakin Yayata da aka daɗe ana tarawa, ga biki saura wata 4. Dangin mijin kuma sun fara ƙus-ƙus wai ciwon ana gadonsa. Ni nake karanta wa Mama takardun asibiti amma ba na ganewa. Don Allah Anti, wai gasa shi za su yi? Kuma zai warke?"

Sannu ƙanwata. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ne. Share hawayenki ki gyara zama, don amsar da ɗan tsawo, kuma ba ke kaɗai nake wa ba. Yau a gidajenmu da yawa 'yar makaranta ce ake miƙa wa takardar asibiti a ce "karanta mana", ita ce ke riƙe jakar magani, ita ce ke dama kunun majinyaci. Saboda haka kowa ta kasa kunne.

Bari mu fara da maganar Goggo, don ita ta fi ba ki tsoro. Ni ban ga laifin Goggo ba, laifin kalmar ne. Bahaushe da ya ji an ce "gashi", tsire da balangu ne ke faɗo masa a rai, ko kuwa gadon mai jego da garwashi a ƙasa. To wallahi babu wuta a cikin injin nan, babu garwashi, ko ɗumi mutum ba ya ji. Wani haske ne da ido ba ya gani, ɗan'uwan wanda ake ɗaukar hoton ƙirji da shi, wanda wani Bajamushe mai suna Wilhelm Röntgen ya gano a 1895. Bambancin kawai na gashi ya fi na hoto ƙarfi nesa ba kusa ba, kuma saita shi ake yi daidai kan ƙarin. Baba zai kwanta a kan gado, injin ya zagaya shi yana ɗan ƙugi, cikin minti 15 ko 20 an gama, ya sa rigarsa ya fito da ƙafarsa.

Abin da hasken yake yi shi ne lalata rubutaccen umarnin da ke cikin ƙwayar halitta, wanda da shi take hayayyafa. Lafiyayyun ƙwayoyin jiki sun iya gyaran kansu kafin gari ya waye, su kuwa na daji ba su iya gyara sosai ba, garaje kawai suka sani. Shi ya sa ba a zuba hasken gaba ɗaya rana guda. A irin ciwon Baba yawanci raba shi ake yi kashi 30, kullum kashi ɗaya, Litinin zuwa Juma'a, sati 6. Kowace rana lafiyayyen nama ya farfaɗo, na daji ya ƙara rauni. Kin ga dalilin da ya sa tsallake rana ba ƙaramar asara ba ce. Kemo da ake haɗawa da shi kuma yana ƙara wa hasken kaifi, yana kuma bin jini ya farauci waɗanda suka ɓalle.

To me ya sa Goggo ta ga waɗanda aka yi wa gashi ba su tashi ba? Gaskiya ta gani. Amma ki tambaye ta yaushe aka kai su. Mu dai a nan sai an gama zagaye, an sha saiwa, an sha rubutu, an sha maganin tibi wata da watanni, ciwo ya ci jiki ya kai ƙashi da hanta, sannan a ɗauko mutum ranga-ranga a kai shi asibiti. In ya cika sai a ce injin ne. Jinkirin ne ya ci shi.

Yanzu ki fahimci wannan "mataki na 3" da aka rubuta. Ciwon dajin huhu iri biyu ne manya. Akwai mai ƙananan ƙwayoyi, mai saurin yaɗuwa, akwai kuma ɗayan wanda shi ya fi yawa, kusan 85 cikin 100 na masu ciwon shi ke gare su. Daga yadda kika kwatanta maganin, na Baba ya yi kama da wannan na biyun, amma ki duba takardar tsokar da aka auna, a can aka rubuta. A mataki na 1 da na 2 ƙarin yana nan a huhu, sau da yawa ana iya yanke shi. A mataki na 3 ya taɓa kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji ko ya manne wa manyan jijiyoyi, wuƙa ba ta shiga lafiya, amma bai bar ƙirji ba. A mataki na 4 ya yi tafiya, ya kai ƙashi ko hanta ko ƙwaƙwalwa ko ɗaya huhun. Ki riƙe wannan da kyau: a mataki na 3 likitoci da niyyar warkarwa suke shiga. Ba kowa ke dacewa ba, amma ƙofar a buɗe take.

Sai allurar garkuwar jiki, wadda ita ce sabon abu, kuma ita ce ta fi daɗin labari.

Ku 'yan makarantar kwana kun san Baba maigadi na bakin get. Ba ya barin kowa ya wuce sai da takardar izini. To a jininmu akwai irin waɗannan masu gadi, wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini, aikinsu su bi lungu-lungu suna duba kowa. In suka ga baƙuwar fuska su kashe. Amma don kada su yi ta kisan 'yan gida, an halicce su da birki. In ƙwaya ta nuna musu wata alama, sai su sauke sanda su wuce. Ita wannan alamar ana kiranta PD-L1, makamar da take taɓawa a jikin maigadin kuma PD-1. To ciwon daji ɗan duniya ne. Sai ya buga takardar izini ta jabu, ya lulluɓe jikinsa da wannan alama, maigadi ya zo ya duba ya ce "wuce, ɗan gida ne". Haka zai yi ta girma a gaban idon masu gadi.

Wani masani ɗan Japan, Tasuku Honjo, shi ya gano PD-1 a jami'ar Kyoto a 1992. Wani Ba'amurke kuma, James Allison, ya nuna a 1996 cewa in aka cire wani birkin makamancin wannan a jikin ɓeraye, garkuwar jikinsu da kanta take cinye ƙarin. Su biyun aka bai wa kyautar Nobel ta fannin likitanci a 2018. Daga aikinsu aka samo waɗannan allurai, kuma a 2015 aka fara amincewa da su a Amurka don ciwon dajin huhu. Allurar ba ta kashe ƙwayar daji da kanta. Takardar jabun take ƙwacewa, ta bar maigadi da aikinsa.

Ina gashi ya shigo? Nan ne hikimar take. In haske ya farfasa ƙwayoyin daji, kayan cikinsu sai su zube a fili, kamar an fasa akwatin ɓarauniya a tsakiyar hostel kowa ya ga abin da ke ciki. Masu gadi su taru, su gane kamanninta, su haddace. Sai dai ragowar ƙwayoyin da suka tsira sukan ƙara yawan takardun jabun nan don kare kansu. In aka kawo allura a daidai wannan lokaci, an sami masu gadi a fusace, ga kuma takarda ta daina aiki. Gashi ya tona asiri, allura ta kwance hannu.

Ba zance ne na fatar baki ba, an gwada. Binciken da ya sauya komai shi ne wanda aka raɗa wa suna PACIFIC, aka bayyana sakamakonsa a 2017. An ɗauki majinyata 713 daga ƙasashe da dama, duk masu mataki na 3 da ba a iya yi wa aiki ba, duk sun gama gashi da kemo ciwon bai ci gaba ba. Kashi biyu cikin uku aka riƙa yi musu allurar da ake kira durvalumab duk sati 2 har wata 12, sauran aka ba su ruwan da babu magani a ciki, ba tare da majinyaci ko likitansa ya san wanda aka ba shi ba. Waɗanda suka sami allurar, a tsakaice sun yi kusan wata 17 kafin ciwon ya motsa, waɗanda ba su samu ba kuwa wata 5 da rabi. Da aka bi su shekara 5, sai aka tarar cikin kowane 100 da aka yi wa allurar kusan 43 suna raye, a ɗaya ɓangaren kuma 33. Kuma kusan mutum ɗaya cikin uku na masu allurar ciwon bai dawo musu ba sam a tsawon shekarun nan.

Ki sake karanta lissafin nan a hankali, ƙanwata, don a kansa maganar kayan ɗakin Yayarki ta rataya. Allurar ta ƙara mutum 10 cikin 100. A ciwon da ke kashe mutum kusan miliyan 1.8 a duniya a shekara, kamar yadda ƙididdigar 2022 ta nuna, mutum 10 ba wasa ba ne, kowane ɗaya uban wasu ne. Amma dubi ɗaya lambar. Mutum 33 sun kai shekara 5 alhali gashi da kemo ne ginshiƙin maganinsu. Wato tuwon shi ne gashi da kemo, allura miya ce mai kyau a kai. Babban kuskuren da nake jiye muku shi ne a zauna jiran a tara kuɗin allura, sati ya zama wata, mataki na 3 ya zama na 4. A fara gashin. Ita allurar ma ba a yin ta sai an gama, a binciken nan cikin kwana 42 bayan gashi na ƙarshe aka fara ta.

Wata za ta ce, to in haɗin yana da kyau haka, me zai hana a yi su rana ɗaya a huta? Likitoci ma sun yi wannan tunanin, suka gwada a wani binciken mai suna PACIFIC-2, suka ba da allurar tun ranar da aka fara gashi. A 2023 aka sanar cewa bai nuna wani fifiko na a zo a gani ba. Wasu masana suna ganin dalilin shi ne hasken yana kashe har da masu gadin da ke wucewa ta wurin, ka ga an kwance wa maigadi hannu a lokacin da shi ma yake jinya. Ko ma mene ne, abin da aka tabbatar shi ne a jere: gashi da kemo tukuna, allura ta biyo baya. Masu ɗaya nau'in, mai ƙananan ƙwayoyi, su ma a 2024 wani bincike mai suna ADRIATIC ya nuna wannan jerin yana ƙara musu kwana in ciwon bai bar ƙirji ba.

Kafin Mama ta kira dillaliya, akwai tambayoyi biyu da za ki rubuta a takarda ku kai wa likita. Ta farko, an auna tsokar an ga ko tana da PD-L1? A ƙasashen Turai hukumar magunguna ba ta amince a yi wannan allura bayan gashi ba sai ga wanda aka sami alamar a jikin aƙalla 1 cikin 100 na ƙwayoyin ƙarinsa, domin waɗanda ba su da ita amfanin bai fito fili ba. Ta biyu, an duba ko akwai canjin halittar da ake kira EGFR? An fi samunsa ga mata da waɗanda ba su taɓa shan taba ba, amma ana dubawa ga kowa. Mai wannan canji allurar garkuwa ba ta cika yi masa aiki ba, nasa maganin ƙwaya ce ta sha mai suna osimertinib, wadda binciken LAURA na 2024 ya nuna tana riƙe ciwon fiye da shekara 3 a tsakaice bayan gashi da kemo. Kin ga ashe ana iya sayar da gado da katifa da kwalla a sayi allurar da ba ta mutum ba ce. Awon nan da kuɗi, amma bai kama ƙafar kuɗin allura ɗaya ba.

Maganar tsada kuwa ba zan ɓoye miki ba. A Amurka kuɗin allurar na shekara guda ya haura dala 100,000, a nan kuma kowane zuwa maganar miliyoyin naira ake yi, kuma zuwan ba ɗaya ba ne, duk sati 2 ne ko duk sati 4 har shekara. Kayan ɗakin amarya, komai kyansu, da wuya su kai ku rabin hanya. Ra'ayina ke nan, kuma na san wasu za su ce Anti ta cika lissafi: in za a sayar da wani abu, a sayar don gashi da kemo da kuɗin mota da masauki da abinci na sati 6, wannan shi ne abin da hannu zai iya kaiwa kuma shi ne mai nauyin amfani. In Allah ya hore ta wata hanya, ko dangi, ko wata gidauniya, ko rangwamen kamfanin magani, wanda ya kamata ku tambayi likita da ofishin jin daɗin majinyata na asibitin ko akwai, to a ɗora allurar. In bai samu ba, kada Mama ta ɗora wa kanta cewa ta gaza. Sannan a sa Baba a cikin shawarar. Mun iya ɓoye wa majinyaci ciwonsa muna yanke hukunci a bayan idonsa, alhali jikinsa ne, gidansa ne, 'yarsa ce za a aurar.

Ga waɗanda nasu majinyacin ya kai mataki na 4, don na san akwai su cikin masu karatu, lissafin ya ɗan bambanta. A nan allurar garkuwa, irin su pembrolizumab, ita ce kan gaba, ita kaɗai ko tare da kemo, gashi kuma ya koma mai taimako. Amma wane irin taimako! Ƙashin da ciwo ya ci yana hana barci, sau da yawa gashi na zama ɗaya tak yana sauƙaƙa shi. Yana tsayar da tofar da jini, yana buɗe hanyar numfashi da ƙari ya toshe, yana ƙona ɗigon da ya je ƙwaƙwalwa. Af, kun ga ni ma na ce "ƙona", bakin ya saba.

Akwai kuma wani abin al'ajabi da likitoci suka daɗe suna gani jefi-jefi: a haska ƙari ɗaya, sai wani can nesa da ba a taɓa ba shi ma ya motse. Tun 1953 wani masani ɗan Ingila, R. H. Mole, ya ba abin suna. Yanzu an gane masu gadin nan ne da suka haddace fuskar ɓarawo suka bi shi har maɓoyarsa. A ƙasar Holan an gwada a kan majinyata 76 masu mataki na 4, sakamakon ya fito a 2019. Waɗanda aka yi wa gajeren gashi sau 3 kafin pembrolizumab, 36 cikin 100 ƙarinsu ya ragu, waɗanda aka yi wa allurar zalla kuwa 18. Abin sha'awa, amma bambancin bai kai mizanin da masu binciken suka gindaya wa kansu ba, don haka har yanzu fata ne ake bibiya. Duk wanda ya ce muku tabbas ne, ku riƙe jakarku da kyau.

Kun san Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, wanda cibiyarsa ta yi yaƙi da kurkunu a ƙauyukanmu tare da Janar Yakubu Gowon har aka tabbatar Nijeriya ta rabu da shi a 2013? A 2015, yana da shekara 90, aka same shi da ciwon daji ya kai hanta da ƙwaƙwalwa. Aka yi masa aiki a hanta, aka haska ɗigo 4 da ke ƙwaƙwalwar, aka sa shi a kan pembrolizumab. Kafin shekarar ta ƙare ya sanar hoto bai nuna komai ba. Bai rasu ba sai 29 ga Disamba 2024, yana da shekara 100. Nasa na fata ne ba na huhu ba, kuma na fata ya fi jin wannan allura, don haka kada a auna Baba da shi. Na kawo shi ne don Goggo ta ji an sa tsoho ɗan 90 a injin gashi ya tashi.

Yanzu aikinki na mai jinya. Daga sati na 2 ko na 3 Baba zai fara jin zafin haɗiya, domin hanyar abinci ta bi ta tsakiyar ƙirji, hasken yana shafarta. Wannan yana wucewa 'yan makonni bayan an gama. A daina ba shi mai yaji da mai tsami da mai tururi. Kunun gyaɗa mai ɗumi-ɗumi, kindirmo, fate mai laushi, dafaffen ƙwai, romon kaza, ayaba, kaɗan-kaɗan sau 6 a rana ya fi babban kwano sau 2. Ramewa abokiyar gaba ce a wannan tafiya. Alamar da za su zana masa a ƙirji kada a goge, da ita suke saiti. Kada a shafa man zafi a wurin, kada a gasa da ruwan zafi ko tsumma, ya sa riga mai laushi. Zai gaji ƙwarai, ku bar shi ya yi barci. Kuma ba ya ɗauke da hasken a jikinsa in ya fito, ƙannenki su hau cinyarsa, ku ci a kwano ɗaya. A lokacin kemo in zazzaɓi ya kai 38 a ma'auni, ba a jiran safiya, ba a cewa maleriya ce a sayo magani, asibiti za a nufa. Kafin a fara kuma ku tabbata an auna shi ciwon hanta nau'in B, don yana da yawa a cikinmu kuma kemo yana iya tayar da shi.

In an kai ga allurar, ki tuna birki aka cire wa masu gadi, wani lokaci sai su huce a kan 'yan gida. Suna iya taɓa huhu, hanji, hanta, fata, ko ƙullin wuya da ke haddasa maƙoƙo. Wanda aka fi tsoro shi ne kumburin huhu, domin gashi ma yana kawo shi, ga allura ta ƙara. A binciken PACIFIC kusan mutum ɗaya cikin uku na masu allurar sun same shi, amma mai tsanani bai kai 4 cikin 100 ba. Sabon tari, haki in ya ɗan taka, zazzaɓi, gudawa sau 4 ko fiye a rana, ido ya yi rawaya, ƙishirwa da yawan fitsari, duk wanda kika gani a kira likita ranar. Kada a tsaya a kemis. Maganinsa yana hannunsu, irin su prednisolone ne, in an zo da wuri yana lafawa. Amma kada wani ya ba shi irin waɗannan ƙwayoyi da ka don ya ga ya rame. Ina nufin sha-ka-fashe ɗin nan da wasunku ke haɗiya a ɓoye don a yi ƙiba kafin biki, da yawansu dexamethasone ne a ciki, yana danne garkuwar jiki, ita kuwa allurar garkuwar take son tayarwa. Ku ma da kuke sha ina nan zuwa kanku wata rana. Jiƙe-jiƙe da saiwoyi ma a nuna wa likita kafin a ba shi, don hantar da ke fama da kemo ba ta son ƙarin kaya.

Wurin yin gashi a ƙasar nan ba shi da yawa. A Arewa an kafa sashen a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, da na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja, a 2025 kuma aka buɗe sabuwar cibiya a asibitin koyarwa na tarayya da ke Katsina. A Kudu akwai Legas da Ibadan da Inugu da Benin. 'Yan'uwanmu na Nijar kuma tun 2021 aka fara gashi a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa da ke Yamai. Injinan kaɗan ne, masu jira da yawa, saboda haka likitanku ya rubuta takardar turawa, a yi waya a ji ranar da za a karɓe ku kafin a hau mota.

Dangin mijin Yayarki kuwa, a gaya musu cikin mutunci: ciwon daji ba a ɗaukarsa, ba ta tari ba, ba ta kwano ba, ba ta aure ba. Na huhu kuma mafi yawansa, kusan 85 cikin 100 a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya, hayaƙin taba ne sanadinsa, ba jinin gida ba. In angon na kirki ne, yanzu ne za a gani, shi ya kamata ya fara cewa a rage kaya a yi biki daidai ƙarfi. In kuwa yana cikin masu zuƙar shisha a bayan layi, to shi ya fi Yayarki abin tsoro. Na faɗa na ƙara, ruwan da ke cikin tulun shisha ba ya tace komai, ƙamshin tuffa da na'ana'a yaudara ce. Baba ma ya ajiye sigari daga yau, kada ya ce ai aikin gama ya gama, masu bari ko bayan an gano ciwon sun fi jure magani kuma sun fi daɗewa. Ku kuma masu girki da itace a rufaffen kicin, a buɗe taga ko a fito da murhu tsakar gida.

Abu na ƙarshe, wata 6 ɗin nan da Baba ya yi yana shan maganin tibi ya tsaya mini a rai. Tibi ya fi ciwon daji yawa a wajenmu nesa ba kusa ba, alamunsu kuma kusan ɗaya ne, tari da rama da jini a kaki, don haka ba abin mamaki ba ne a fara zarginsa. Duk tarin da ya wuce sati 2 a je a auna kaki, kyauta ne a cibiyoyin tibi na gwamnati. Amma in awo bai nuna tibi ba, ko an sha magani wata 2 babu sauƙi, musamman ga wanda ya haura 40 kuma ya sha taba, a koma a ce wa likita a ƙara bincike, a yi babban hoton ƙirji na CT. 'Yar makaranta ma tana iya faɗin wannan, cikin ladabi.

Ƙanwata, ki yanke shafin nan ki kai wa Mama, ki karanta wa Goggo sakin layin Jimmy Carter sau biyu. Likitan da ya ga hoton Baba shi ke da magana ta ƙarshe, ki je masa da tambayoyinki a rubuce, kada ki ji kunya. Ki sake rubuto mini in an fara gashin, ina son jin yadda haɗiyar take, da yadda aka ƙare da maganar biki. Kuma kada ki bar zuwa makaranta, ku raba kwanakin jinyar da Yayarki.

Maganar man bilicin tana nan tafe a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Masu tambaya a kan ciwon mara, wasiƙunku sun iso, ku ƙara haƙuri.

Taku har kullum,
Antinku